Zunubi ko Laifi? Tarihin Muhawarar Turai a kan Saduwa Tsakanin Muharramai

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga Fabrairu, 2008, Kotun Tsarin Mulki ta Tarayyar Jamus ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mutumin birnin Leipzig wanda aka ɗaure saboda ya haifi 'ya'ya huɗu da ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya nema shi ne kotu ta soke sashe na 173 na kundin dokokin hukunta laifuffuka na ƙasar, wanda ya haramta saduwa tsakanin dangi na kusa. Alƙalai bakwai suka ƙi, ɗaya ya goyi bayansa. Ga Bahaushe, jin cewa har akwai alƙalin da zai tsaya wa irin wannan ƙara abin toshe kunne ne. Amma wanda ya bi tarihin dokokin Turai zai tarar cewa gardamar ta daɗe, kuma ba a kan kyau ko munin aikin aka fi ja ba. An fi ja a kan wanda ke da ikon hukunta shi, wato coci ko gwamnati, da kuma ko yardar baligai biyu ta isa ta ɗaure hannun hukuma.

Wannan maƙala za ta bi diddigin muhawarar tun daga daular Rum har zuwa shari'ar Jamus, sa'annan ta dubi inda dokokin Nijeriya suka tsaya. Manufarta ita ce rarrabe tambayoyi uku da ake yawan cakuɗawa: wa aka hana mutum ya aura, wane aiki ne zunubi, wane aiki ne kuma laifin da kotu za ta ɗaure mutum a kansa.

2.0 Matsalar Kalma

Kalmar da Ingilishi da Faransanci suke amfani da ita ta samo asali ne daga Latinanci, incestum, wadda tushenta ke nufin rashin tsarki. Jamusawa kuwa sun daɗe suna cewa Blutschande, wato abin kunyar jini. Larabci ya gina tasa a kan maharim, waɗanda aure ya haramta tsakaninsu har abada, kuma daga wannan tushe Hausa ta ari muharrami da muharrama. Hausa ba ta keɓe wa aikin kalma guda ba. Sai dai a bayyana shi da jimla, ko a sakaya a ce an yi abin kunya a gidan wane.

Akwai kuma wani tarko ga mai fassara. Bahaushe yana kiran 'yar baffansa ko 'yar kawunsa ƙanwa, alhali yana iya aurenta, har ma iyaye su yi alfahari da abin da ake kira auren zumunci. In ana son a bambanta, sai a ce shaƙiƙiya, ko a ce uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka a wannan maƙala, duk inda aka ce muharramai ana nufin iyaye da 'ya'ya, da kakanni da jikoki, da 'yan'uwan haihuwa, da makamantansu. Ba a nufin 'ya'yan wa da ƙane ko taubasai.

3.0 Masar da Rum

Ba kowace al'umma ce ta ja iyaka a wuri ɗaya ba. A Masar ta zamanin sarautar gidan Ptolemy, Sarki Ptolemy na II ya auri shaƙiƙiyarsa Arsinoe a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, magadansa da dama kuma suka bi sahu. Abin da ya fi ɗaure wa masana tarihi kai shi ne takardun ƙidayar jama'a da Rumawa suka riƙa yi a Masar duk bayan shekara 14, domin sun nuna talakawa ma suna auren shaƙiƙansu, ana kuma rubuta haka a takardar hukuma ba tare da ɓoyo ba.

Su Rumawa a garinsu sun ƙyamaci wannan. Duk da haka, a shekara ta 49 Miladiyya, da Sarki Claudius ya so auren Agrippina, 'yar wansa, sai majalisar dattawa ta halatta auren 'yar ɗan'uwa, ta bar auren 'yar 'yar'uwa a haramce. Wannan rangwame ya zauna a doka har shekara ta 342 da aka soke shi. Tun kafin nan, a shekara ta 295, Sarki Diocletian ya fitar da doka mai tsanani wadda ta hana auren dangi na kusa a duk faɗin daular. Darasin wannan zamani shi ne, hukuma tana iya matsar da iyaka saboda buƙatar mai mulki, amma ko Claudius bai yi gangancin taɓa haramcin uwa ko 'ya ko shaƙiƙiya ba.

4.0 Zamanin Ikon Coci

Da daular Rum ta Yamma ta rushe, al'amarin aure ya koma hannun Cocin Katolika sannu a hankali, ita kuwa ta faɗaɗa haramcin ƙwarai. Ya zuwa ƙarni na 11 an hana aure tsakanin duk waɗanda suka haɗa kaka a cikin hawa bakwai, aka haɗa da surukai da iyayen baftisma. A ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne, wannan doka ba ta biyuwa. Manyan mutane kuma suka mai da ita ƙofar rabuwa da mata, domin coci ba ta yarda da saki ba, amma tana warware auren da aka gano akwai dangantaka a cikinsa. Shi ya sa babban taron Lateran na huɗu, wanda Fafaroma Innocent na III ya kira a 1215, ya rage haramcin zuwa hawa huɗu. Masanin halayyar al'umma Jack Goody ya yi hasashe a 1983 cewa coci ta amfana da wannan faɗaɗawa, tun da hana auren zumunci yana raunana riƙon dukiya a cikin dangi, gado kuma ya gangaro wa coci. Wasu masana sun ja da shi, amma ra'ayinsa ya yi tasiri.

A Ingila wannan batu har ya raba ƙasa da Fafaroma. Sarki Henry na VIII ya auri Catherine, matar wansa marigayi, a 1509 da izinin Fafaroma. Da ta kasa ba shi magaji namiji, sai ya ce auren haramtacce ne tun asali, aka warware shi a 1533, a 1534 kuma ya zama shugaban cocin ƙasarsa. A 1563 Babban Bishop Matthew Parker ya fitar da jadawalin waɗanda aka hana aure tsakaninsu, kuma a cikinsa akwai ƙanwar matar mutum ko da matar ta mutu. Tun daga 1842 aka yi ta kai ƙudurin soke wannan hani majalisar dokoki ana kayar da shi, sai a 1907 ya samu shiga. Abin da Ingilawa suka yi shekara 65 suna gardama a kansa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda akan ba mutum ƙanwar matarsa da ta rasu don ta riƙe 'ya'yan yayarta. Abin da Musulunci ya hana shi ne haɗa 'yan'uwa biyu mata a ƙarƙashin miji ɗaya a lokaci ɗaya.

5.0 Hanyoyi Biyu: Faransa da Ingila

Juyin juya halin Faransa ne ya fara raba zunubi da laifi a fili. Kundin dokokin 1791 ya zubar da laifuffukan da tushensu addini ne kawai, irin su saɓo da bidi'a da maita, saduwa tsakanin muharramai baligai kuma ta fita tare da su. Kundin Napoleon na 1810 bai mayar da ita ba, ƙasashe irin su Beljiyam da Holan suka gaji wannan tsari. Amma a lura, dokar aure ta Faransa ba ta taɓa halatta wa mutum auren uwarsa ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa ba. Gwamnati ta ƙi ɗaurewa, ta kuma ƙi ɗaura aure. Italiya ta ɗauki hanya ta tsakiya, domin sashe na 564 na kundinta yana hukunta aikin ne idan ya jawo abin fallasa a bainar jama'a.

Ingila ta bi akasin wannan hanya. Ɗaruruwan shekaru kotunan coci ne kawai suke sauraron irin wannan ƙara, hukuncinsu kuwa tuba ne a gaban jama'a. A 1650, zamanin da aka kawar da sarauta, an sa hukuncin kisa, amma dokar ta faɗi da dawowar sarki a 1660. Sai a 1908 majalisa ta mai da aikin laifi mai ɗaurin da ya kai shekara bakwai. Abin da ya jawo haka ba labarin baligai masu son juna ba ne. Rahotanni ne na unguwannin talakawan Landan, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya, da matsin lambar ƙungiyoyin kare yara waɗanda suka ga yadda ubanni ke lalata 'ya'yansu mata. Dokar 2003 da ake aiki da ita a Ingila ta raba abin gida biyu: cin zarafin yaro a cikin iyali, mai hukunci mai tsanani, da saduwa da baligin dangi, mai ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba.

Ita ma Faransa daga baya ta waiwayo, amma ta ɓangaren yara. A 2010 ta shigar da kalmar cikin kundinta, a 2011 Majalisar Tsarin Mulki ta soke sashen saboda bai fayyace su wane ne iyali ba, a 2016 aka mayar da shi tare da jerin dangin da ake nufi. Dokar 21 ga Afrilu, 2021, ta ce babu maganar yarda ga wanda bai kai shekara 18 ba idan babba daga cikin danginsa ne ya neme shi. Wannan misali ne ga masana harshe na yadda rashin fayyace ma'anar kalma ɗaya ya rushe doka.

6.0 Ra'ayoyin Masana

Tambayar da ta fara damun masana ita ce asalin ƙyamar. Edvard Westermarck, ɗan ƙasar Finlan, ya ce a 1891 waɗanda suka tashi tare tun suna ƙanana ba sa sha'awar juna in sun girma, ko akwai jini tsakaninsu ko babu. Sigmund Freud a 1913 ya ce a'a, da babu sha'awar da ba a buƙaci hani ba. Claude Lévi-Strauss a 1949 ya ɗauki hanin a matsayin tushen zamantakewa, domin shi ke tilasta wa gida ya ba da 'yarsa waje ya karɓo ta wani, zumunci ya yaɗu. Binciken da Joseph Shepher ya yi a kan yaran da aka rena tare a gonakin gama-kai na Isra'ila, da na Arthur Wolf a kan 'yan matan Taiwan da aka rena a gidan mazan da za su aura, sun ƙarfafa ra'ayin Westermarck.

Tambaya ta biyu ta masana shari'a ce. John Stuart Mill a 1859 ya kafa ƙa'idar cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa baligi sai don hana shi cutar da wani. Bayan rahoton kwamitin Wolfenden na 1957 a kan luwaɗi da karuwanci, alƙali Patrick Devlin ya yi lacca a 1959 inda ya ce al'umma tana da haƙƙin kare ɗabi'un da suka haɗa ta, kamar yadda take kare kanta daga cin amanar ƙasa, ya kuma kawo saduwar wa da ƙanwa cikin misalan laifuffukan da yarda ba ta wanke su. H. L. A. Hart na Jami'ar Oxford ya mayar masa da martani a 1963 cewa ƙyamar jama'a kaɗai ba hujjar ɗaure mutum ba ce. Duk wanda ya yi magana a kan batun tun daga lokacin, a tsakanin waɗannan biyu yake tsayawa.

Akwai kuma hujjar lafiya. Ɗan da shaƙiƙai suka haifa yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 ya gaji ƙwayar halitta guda daga kaka ɗaya ta ɓangaren uwa da na uba duka, alhali ga 'ya'yan wa da ƙane yiwuwar kashi 1 cikin 16 ce. Ta haka cututtukan gado da ke ɓoye suke bayyana.

7.0 Shari'ar Leipzig

An haifi mai ƙarar a 1976, aka raba shi da iyayensa yana ɗan shekara uku, wasu mutane suka riƙe shi. Bai san yana da ƙanwa ba sai a shekarar 2000 da ya nemo mahaifiyarsa, ita kuwa ta rasu a ƙarshen wannan shekara. Ƙanwar an haife ta a 1984, wato tana da shekara 16 a lokacin. Ke nan ba su tashi tare ba, sharaɗin da Westermarck ya ambata bai samu ba. An gurfanar da shi fiye da sau ɗaya aka ɗaure shi. Ita kuwa kotu ta same ta da laifi amma ba ta hukunta ta ba, saboda likitoci sun tabbatar tana da raunin hali da dogaro mai tsanani a kansa.

Mafi rinjayen alƙalan Kotun Tsarin Mulki sun kafa hukuncinsu a kan dalilai uku: kare tsarin iyali daga rikicewar matsayi, kare mai rauni a cikin dangantakar, da kauce wa cututtukan gado, duk a bisa tsohuwar ƙyamar da al'umma ta gada. Mataimakin shugaban kotun, Winfried Hassemer, shi ne ya saɓa. Ya ce Jamus ba ta ɗaure masu cutar gado in sun haihu, don haka hujjar lafiya ba ta tsayuwa. Ya ce kuma in da gaske iyali ake karewa, me ya sa dokar ta bar agola da ɗan riƙo a waje? A ganinsa abin da ya rage shi ne ƙyama, ita kuwa ba aikin kurkuku ba ce. Hujjar lafiya tana da nauyi na musamman a Jamus, ƙasar da gwamnatin Hitler ta dandaƙe dubban mutane da sunan tsarkake jini.

Mutumin ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg. A ranar 12 ga Afrilu, 2012, kotun ta ce tun da ƙasashen Turai ba su haɗu a kan matsayi ɗaya ba, Jamus tana da damar zaɓar nata. A Satumban 2014 Majalisar Ɗa'a ta Jamus, wadda ke ba gwamnati shawara, ta nemi a daina hukunta 'yan'uwa baligai da suka yarda da juna, mambobi 14 suka goyi baya, 9 suka ƙi. Gwamnati ba ta karɓi shawarar ba, sashe na 173 yana nan.

Abin lura shi ne, shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a kan yardar baligai, ita kanta ba ta baligai biyu masu ƙarfi ɗaya ba ce. Yarinya ce marainiya mai raunin hali da wanta da ya girme ta da shekara takwas. A nan raunin ƙa'idar Mill yake in an shigo da ita cikin gida. Yarda tsakanin baƙi biyu ana iya auna ta, domin kowa yana da inda zai koma. Wadda uba ko wa ya rena, ya ci da ita, ya saba ba ta umurni tun tana ƙarama, ranar da ta cika shekara 18 ba ta kankare wannan iko ba.

8.0 Matsayin Nijeriya

Shari'ar Musulunci ba ta bar wannan iyaka a hannun sarki ko majalisa ba. Aya ta 22 da ta 23 na Suratun Nisa'i sun jera muharramai: bakwai ta jini, wato uwa, 'ya, 'yar'uwa, gwaggo, inna, 'yar ɗan'uwa da 'yar 'yar'uwa, sai na shayarwa, sai na surukuta, wato matar uba, matar ɗa, uwar mata, da agolar da aka tare da uwarta. Jerin bai faɗaɗa kamar na coci ba, bai kuma tsuke ba. Ya ma amsa tambayar Hassemer tun da wuri, domin ya sa agola da 'yar'uwar shan nono a ciki, alamar cewa ba jini kaɗai ake karewa ba, har da amanar gida.

Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki a 1960, kuma sashe na 390 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara bakwai. Dokar al'amuran aure ta 1970 ta jera dangin da aka hana aure tsakaninsu a auren rajista. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka yi wa Abuja jihohi da dama kuma suka ɗauka, ta ambaci yarda ƙarara: ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, in kuwa duka biyun sun yarda, shekara 5. Wato a Nijeriya yarda tana rage hukunci, ba ta kankare laifi.

Inda muke da saɓani a tsakaninmu shi ne gefen iyakar. A al'adar Ibo aure a cikin umunna, wato dangin uba, babban abin ƙi ne, Yarabawa ma suna guje wa auren wanda aka san an haɗa jini da shi. Ɗalibaina a nan Kudu sukan yi mamaki in suka ji Bahaushe ko Bafulatani ya auri 'yar baffansa, wasu har su kira shi da sunan wancan laifi. Ba shi ba ne, a shari'a ko a doka. Maganar da ta dace da auren zumunci ita ce ta gwajin jini saboda cutar sikila, wadda ta shafi kowane aure.

9.0 Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna abubuwa uku. Na farko, gefen haramcin ya yi ta motsi a Turai, daga hawa bakwai zuwa huɗu, daga hana ƙanwar mata zuwa halatta ta, amma tsakiyarsa, wato iyaye da 'ya'ya da shaƙiƙai, bai taɓa zama halas a dokar aure ba tun bayan Diocletian. Na biyu, ƙasashen da suka daina ɗaurewa ba su ce aikin ya yi kyau ba, cewa suka yi ba aikin kotu ba ne. Na uku, Ingila a 1908 da Faransa a 2021 duk sun dawo kan batun ne ta ƙofa ɗaya, wato kukan waɗanda aka zalunta a cikin gida, waɗanda galibi ba su iya magana sai bayan shekaru.

Ga masu nazarin harsunan Nijeriya akwai aiki a nan. Masu fassara dokoki da labarai zuwa Hausa suna buƙatar daidaitacciyar kalma wadda za ta bambanta saduwa da muharrama da auren zumunci, ta kuma bambanta zunubi da laifi. Sakayawar da kunya ta koya mana tana da kyau a zaure, amma a gaban alƙali wadda aka cuta tana buƙatar sunan abin da aka yi mata.